Makullin Ɗakin Sanyi

Shekara talatin da biyar ke nan a wannan wata da aka fita da gawar yayana Habu daga gidanmu na Zongo. Na daɗe ina cewa zan yi rubutu a kansa, sai in ɗauki alƙalami in sake ajiyewa, don duk lokacin da na fara, haushi ne ke riga kewa zuwa. Har yau ina jin haushinsa, ba zan ɓoye muku ba. Mutum ne da Allah ya ba shi kai da hannu, ya kwashe su ya kai wa wani katafaren kamfanin kwamfuta na ƙasar waje, kamfanin da ko gaisuwar mutuwa bai aiko mana ba. Bana dai na ce ko da haushin zan rubuta, domin ni ma girma ya zo, gwiwa ta fara ƙin tashi, kuma ya bar mini wani nauyi da ba na so in tafi da shi.

Masu karatu na yanzu sai na yi muku bayani, don ku kwamfuta a aljihu kuka same ta. A zamanin juyin juya hali, lokacin da kowa a Cotonou ya zama kamarad, wato abokin gwagwarmaya, daga minista har mai sayar da gawayi, kwamfuta ɗaki guda take ci. Wadda Yaya Habu ke kula da ita tana wata ma'aikatar gwamnati ne, a wani ɗaki na ƙasa da ba shi da taga. Manyan akwatunan ƙarfe ne a jere, kowanne ya fi mutum tsawo, da faya-fayai masu juyawa a bayan gilashi. Aikinta riƙe sunayen ma'aikata, wane ne aka ɗauka, ina aka tura shi, yaushe zai huta. Ba ta son zafi ko kaɗan, saboda haka kilim, wato na'urar sanyaya ɗaki, ba ta hutawa. A garin nan namu da mutum ke fitowa daga wanka yana gumi, Yaya da rigar sanyi yake tafiya aiki, 'yan unguwa na yi masa dariya.

Ba za ku gane shi ba sai kun san Babanmu. Baba fatoma ne na fataken shanu. Baƙi daga arewa a gidanmu suke sauka, shi ke ba su masauki, shi ke tsaya musu a kasuwa. A wannan sana'a akwai ƙa'ida ɗaya da ba a wasa da ita. Idan baƙo zai koma ya bar maka dabba ya ce ka kula da ita har ya dawo, to ta zama amana. Ba ka sayarwa, ba ka yankawa, ba ka ba wani riƙo, ko shekara nawa za a yi. Kuma ba ka fita daga amanar nan sai mai ita, ko magajinsa, ya zo gaban shaidu ya kira sunanka da na ubanka ya ce ya karɓa, ya sauke maka. Ina yarinya na ga Baba ya riƙe wata jar saniya shekara bakwai, mai ita ya rasu a hanya ba mu sani ba, sai ɗansa ne ya zo daga baya. Ranar da yaron ya kira sunan Baba a zaure ya ce ya sauke masa, Baba ya yi wata ajiyar zuciya da har cikin gida muka ji ta. Yaya Habu yana tsugune a gefe yana kallo.

Shi kaɗai ne a gidanmu ya yi nisa a lakkol, wato makarantar boko. Da kamfanin ya zo neman yaran da za su iya gyara, ya ci jarrabawarsu, suka kai shi ƙasarsu wata shida, ya dawo da farar riga da jaka baƙa da ba mai taɓa masa ita. Daga ranar ba mu sake hutawa ba. Ko tuwo ake ci sai ya kawo zancen kamfani.

Kuma gaskiya, a lokacin abin yabo ne. Na ji bayanin har na haddace. Kamfanin ba ya sayar da injinsa, haya yake bayarwa, inji nasa ne har abada. Komai daga hannunsa yake fitowa, faifai nasa, takarda tasa, har tawadar bugawa. Ba mai buɗe cikin injin sai ma'aikacinsa, in ya gama ya rufe da zare da ɗan dunƙulen darma, ya matse da wani awartaki mai tambarin kamfani. Wanda ya tsinke darmar nan ba da izini ba, kamfani ya cire hannunsa daga injin ke nan. In wani abu ya lalace, kafin mako ya zagayo sabo ya iso ta jirgin sama. Har waya injin ke da ita, layinsa daban. Kullum bayan azahar yakan kira babban ofishinsu a can ƙetare da kansa, ya faɗa musu lafiyarsa, su kuma su aiko wa Yaya abin da zai yi. Yakan ɗaga yatsa ya ce mini, "Ladi, kamfanin da injinsa ke gaishe shi kullum, ta ina zai faɗi?"

Ni kuwa mai sayar da atamfa ce, ban san inji ba, amma na san kasuwa. Nakan ce masa, "Yaya, ɗan kasuwar da masu sayensa ba su wuce gwamnati da banki ba, ranar da suka yi atishawa fa?" Sai ya yi tsaki ya ce ni kan zane na sani.

Yanzu da nake waiwaye, na ga abin da ya ba kamfanin ƙarfi shi ne ya makantar da shi. Ya saba kowa na zuwa ƙofarsa, bai taɓa koyon leƙa kasuwa ba. Ƙananan kwamfutoci suka fara sauka a tashar jirgin ruwa cikin kwalaye, irin waɗanda ake ɗorawa a tebur. Ba su neman ɗakin sanyi, fanka ta ishe su. Duk mai sukudireba zai buɗe su, kayan wannan ya shiga cikin waccan. Fatake na kwasar su zuwa Najeriya tare da shinkafa da gwanjo. Turawan kamfanin suka ce kayan wasan yara ne. Yaya ma haka ya ce, don abin da suka ce shi yake cewa. Ana cikin haka ƙasa ta shiga matsi, ma'aikatu suka fara janye jiki daga manyan injuna, wasu suka koma ƙananan, wasu suka koma wa takarda da alƙalami. Kamfanin da ya gina komai a kan manya bai da abin da zai miƙa wa ƙanana. Rana ɗaya aka ce za a rufe reshen Cotonou.

Baturen da ke shugabancin reshen mutumin kirki ne, ban da abin cewa a kansa. Ranar da zai tafi ya kira Yaya, ya miƙa masa makullin ɗakin sanyi da awartakin darma. Injin ya yi nauyin da ba za a kwashe shi nan take ba, ma'aikatar kuma ba ta da ikon taɓa shi tunda ba nata ba ne. Ya dafa kafaɗar Yaya ya ce masa da Faransanci ya kula da kwamfutar har su dawo.

Wallahi na tabbata a bakin Baturen nan magana ce irin ta ban kwana, kamar yadda muke cewa sai wata rana. Wataƙila kafin jirginsa ya tashi ya manta ya faɗe ta. Amma wa ya gaya wa? Ɗan fatoma. Yaya ya dawo gida da magariba, ya ajiye makulli da awartaki a kan tabarma gaban Baba, wanda a lokacin ido ya riga ya tafi. Baba ya shafa su da hannu ya ce, "Da bakinsa ya ce har ya dawo?" Yaya ya ce e. Baba ya ce, "To, Allah ya ba ka ikon riƙewa." Ni ina bakin ƙofa, na san abin da aka ƙulla a nan ba mai kwance shi.

Daga nan kullum da safe sai ya sa farar rigarsa da rigar sanyi, ya ɗauki baƙar jaka ya tafi. Ba mai aikensa, ba mai tambayarsa. Ma'aikatar ta daina amfani da injin, amma ba wanda ya yarda ya sa hannu a yanke masa wuta, kowane darakta na tsoron a ce shi ya lalata kayan Turawa. Mai gadi ya saba da shi, yana buɗe masa get. Sai ya shiga ya share ƙura, ya duba kilim, ya yi gwajin safe, ya rubuta a littafin kamfani cewa komai lafiya. Da la'asar ya dawo ya zauna a zaure yana gyaran rediyo, da wannan da ɗan abin da matarsa Asabe ke samu a ƙosai suke rufa wa kansu asiri.

Akwai abokin aikinsa Kosi, mutumin kudu ne, tare aka kai su koyo. Shi ranar da aka rufe reshe ya cire farar riga, ya kama shago a unguwar Saint-Michel yana gyaran ƙananan kwamfutocin nan, kafin shekara har ya ɗauki ma'aikata. Sau uku yana takowa har Zongo. Na ƙarshen ina nan. Ya ce, "Habu, hannunka ya fi nawa, kowa ya sani. Zo mu raba shagon biyu. Mutanen nan ba za su dawo ba." Yaya ya ce, "Sun gaya maka?" Kosi ya ce, "Ba sai sun gaya mini ba." Yaya ya ce, "To ni sai sun gaya mini." Ya ci gaba da kwance rediyonsa. Na bi Kosi har waje ina ba shi haƙuri, kunya kamar in nutse.

A shekara ta biyu tari ya kama shi. Likita ya ce ƙirjinsa ba shi da ƙarfi, shiga sanyin nan da fitowa cikin zafi kullum na ƙara masa, ya bari. Ya ce to, washegari ya sa rigarsa. Abin ya kawo mini iya wuya. Wata rana na rufe rumfata da rana tsaka na bi shi can, da niyyar in yi masa tas a gaban mai gadi.

Ban yi masa tas ɗin ba. Ina shiga ya mayar da ƙofa, duk hayaniyar gari ta ɗauke ɗif. Ba ka jin mota, ba ka jin mai talla, sai wani gurnani ƙasa-ƙasa da ke shiga ta tafin ƙafa. Sanyi ya ratsa mayafina. Faya-fayan nan na juyawa su tsaya, su koma baya, su sake juyawa, ba hannun kowa. A kusurwa takardu ne jibge har ƙugu, an ninke su tsaf. Na ce mene ne wannan. Ya ce gwajin safe ne, kullum sai injin ya buga shafi ɗaya na sunayen da ke cikinsa. Na ɗauki na sama. Ina bin layi da yatsa sai na ci karo da sunan wani malamin asibiti maƙwabcinmu, wanda ni da kaina na yi zaman makokinsa bara waccan. Injin ya rubuta yana bakin aiki, har da garin da za a tura shi. Na saki takardar. Yaya ya ɗauka ya ninke, ya ce, "Ba a gaya wa kwamfutar ba ne. Abin da aka gaya mata na ƙarshe shi take riƙe da shi."

Muna nan tsaye aka yi kiran azahar, ko da yake a ɗakin ba a ji, agogonsa ya duba. Ya yi salla a kan wani kwali, na yi tawa. Muna sallamewa wani ƙaramin akwati ya yi ƙaras, ya fara danna lambobi da kansa, ɗaya bayan ɗaya. Yaya ya ɗora yatsa a baki. Sai ga ƙarar waya daga wata 'yar lasifika, siririya, daga nesa ƙwarai, tana ringi a wani ofishi a bayan teku. Ta yi ta yi. Na ƙirga har na ɓata. Ya ce mini a hankali shekara biyu ke nan kullum haka take yi ba a ɗauka.

Abin da ya biyo baya na sha juya shi a raina. Ringin ya tsaya. Ba irin tsayawar da layi ke yi in ya yanke ba, don na san wannan. Shiru ne mai faɗi, irin wanda kake ji in an ɗaga waya an kara a kunne ba a yi magana ba. Tsigar jikina ta tashi. Yaya ya matsa kusa da lasifikar, ya yi sallama da Faransanci, ya faɗi cewa Cotonou ce. Ba a amsa ba. Can sai ƙit, aka ajiye, ko kuma layin ya mutu, Allah ne masani. Ya juyo ya dube ni, idonsa ya kawo ruwa, ya ce, "Kin ji ko? Akwai mutum."

Kosi ya ce mini daga baya tsofaffin layukan ƙetare haka suke yi, ba kowa. Na yarda da shi da rana. Amma na fita daga ɗakin nan ban faɗi ko kalma ɗaya daga abin da na zo faɗa ba, kuma daga ranar Yaya ko Juma'a ba ya fashi.

Na gwada hanyar gaskiya tukuna, kada ku ce ban gwada ba. Mun rubuta wa kamfanin wasiƙa uku, ni da Kosi, muna roƙo su aiko ko da layi biyu ne su ce sun sallame shi. Ta farko ba amsa. Ta biyu aka dawo da ita ba a buɗe ba. Ta uku suka aiko da wata takarda mai sheƙi mai hotunan sababbin injuna, suna gode mana da sha'awar kayansu. Kosi ya ce kamfanin ya yi girman da hannun dama bai san abin da na hagu ke yi ba, sashen da ya san da Cotonou an rushe shi, mutanensa sun watse. Babu wanda ya ƙi sallamar Yaya. Babu dai wanda ya san yana nan.

A shekara ta huɗu ya fara tofar da jini. Baba ya riga ya rasu. Yaya ya rame har rigar sanyin na yawo a jikinsa, amma in gari ya waye sai ya dafa bango ya tashi, Asabe na kuka tana riƙe masa jaka. Nan na yanke shawarar yin ƙarya. Na je Saint-Michel na ce wa Kosi, na san kana da ragowar takardun kamfani masu tambari, ka buga mini wasiƙar sallama. Ya jawo keken rubutu.

A nan na yi kuskuren da har gobe nake cizon yatsa a kansa. Kosi ya buga layi uku busassu, a sama ya sa wasu lambobi. Na ce ina sunansa? Ya ce kamfani ba ya rubuta suna, kowane ma'aikaci lamba gare shi, da ita ake kiransa a takarda. Na ce haba, wace irin sallama ce ba suna? Mutum ya ba ku lafiyarsa shekara huɗu, ku sallame shi da lamba kamar buhun siminti? A gidanmu ba a sauke amana sai an kira sunan mutum da na ubansa. Kosi ya ce, "Ladi, ki bar shi yadda suke yi." Na buga tebur na ce sai an sa. Na sa ya rubuta Habu ɗan wane, na sa ya ƙara cewa kamfani ya gode, ya shaida shi mai riƙon amana ne, ya karɓi kayansa ya sauke masa. Kosi na bugawa yana girgiza kai. Ni kuwa har daɗi nake ji, don a karon farko na ga an faɗa wa Yaya abin da ya cancanta.

Na kai masa da hantsi, yana kwance a ɗakinsa. Na kira Asabe da wani dattijo maƙwabci su zama shaidu. Na ce, "Yaya, albishirinka, ta iso." Ya tashi zaune da ƙyar, ya sa tabarau, ya karanta a hankali har ƙasa, ya koma sama ya sake. Na ga yatsansa ya tsaya a kan sunan Baba. Ya daɗe a wurin. Sannan ya cire tabarau ya yi murmushi, ya ce wa dattijon ya gode, a bar shi da ƙanwarsa.

Da suka fita ya ce, "Wasiƙar ta yi kyau, Ladi. Ban taɓa samun mai kyanta ba." Na ce ai dama sun san darajarka. Ya ce, "Shekara goma sha ɗaya ina tare da su, ba su taɓa rubuta sunana ba. Ina suka samo na Baba?"

Sai na fashe da kuka, kukan haushi. Na ce masa Baturen nan ya manta da shi, kamfani ya manta da shi, ƙarfe ne kawai yake kashe kansa a kai, saniya ma ai rai gare ta. Na faɗi maganganu masu zafi da ba zan maimaita a jarida ba. Ya bar ni na gama. Ya ce, "Duk na sani. Tun shekarar farko na sani. Amma ni aka ce wa, kuma na ce to a gaban Baba. In sun manta, su suka manta." Ya ninke wasiƙar ya sa ƙarƙashin matashi. Sannan ya laluba cikin baƙar jaka ya fito da makullin da awartakin, ya miƙo mini. Ya ce, "Ƙafata ba za ta sake kai ni ba. Ban ce ki shiga sanyi ba. Ki riƙe kawai, in sun zo ki ba su."

Da na san abin da nake yi da na maƙe hannuna a baya. Amma yayana ne, yana numfashi da ƙyar, hannunsa a miƙe. Na karɓa. Na ce to. Kwana tara bayan haka ya cika, da rana, ana shirin azahar.

Ban sake komawa ɗakin sanyi ba sai bayan arba'in. Mai gadi ya ce kilim ta mutu mako guda bayan rasuwar, injin ya yi zafi ya tsaya da kansa. Ban buɗe ba, na dai kara kunne a ƙofar ƙarfen, ba gurnani. Amma ƙofar da sanyi na ji ta a kumatuna, ga shi rana na dukan ginin. Mai gadin ya ce shi ba ya bi ta wannan lungun bayan azahar, na ce me ya sa, ya ce ba komai, ya kau da kai. Bayan an canza mulki aka fasa ƙofar, aka sayar da akwatunan ga masu sayen tsohon ƙarfe. Yau ginin ma babu shi, wani dogon bene ne a wurin.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Zongo ta cika da shagunan waya, yaran da ba su taɓa shiga aji ba suna buɗe cikin kwamfuta a kan benci. Ina jin da farko zai ɓata rai. Amma da ya duba da kyau zai gane tsohon ubangidansa a sabuwar riga, don manyan kamfanonin yanzu ma sun koma manne wayoyinsu da gam, cajar wannan ba ta shiga waccan, in ka kai wa wani ya buɗe su ce ba ruwansu. Wayar ma kullum tana gaishe da gidansu ba tare da ta tambaye ka ba. Da ya ɗaga yatsan nan nasa ya ce, "Ba na gaya miki ba?" Ni kuma in ce masa, Yaya, jira ka ga ranar da wasu ƙananan za su sake saukowa daga jirgi. Na ji an ce kamfaninsa yana nan da rai, ya sayar da wasu sassansa, ya canza sana'a, ya sake yin ƙiba. Kamfani yana iya juya baya ya zama wani abu daban. Yaya bai iya ba.

Me ya rage nasa? 'Ya'yansa biyu sun girma, ba wanda ya bi sana'ar. Kosi kafin ya rasu yakan ce duk abin da ya iya na gyara rabinsa a hannun Habu ya gani. A unguwa in dattawa suka tuna shi, wasu su ce waliyyi ne, wasu su ce taurin kai ne ya kashe shi, ni kuma kullum ina tare da na biyun a baki. Sai dai ni mai bakin nan, makulli da awartaki suna cikin adakata, a naɗe cikin wasiƙar ƙaryar da Asabe ta ciro daga ƙarƙashin matashi. Sau biyu ina ɗaukar su zuwa bakin teku a Fidjrossè in jefa, sau biyu ina dawowa da su. Na tambayi malamai, sun ce kayan da mai su ya yi watsi da su ba nauyi a kaina. Na ji, na gode, amma ba su ne suka ce to ba. Kuma har yau in waya ta yi ƙara a gidana daidai bayan azahar, ba na ɗauka, sai ta gaji ta yi shiru.

'Ya'yana sun ce kada in kuskura in miƙa wa ɗayansu, kuma sun yi gaskiya, ba zan yi wa kowa abin da aka yi mini ba. Shi ya sa na kawo maganar jarida. Ban san ko a cikin masu karanta Hausa akwai mai aiki da wannan kamfani ba, ko mai ɗa a can, ko wanda ya san wanda ya sani. In akwai, shi zai gane kamfanin da nake nufi. Ku gaya musu akwai wata tsohuwa a Zongon Cotonou da ke riƙe da kayansu. Ba na neman komai a wurinsu. Mutum ɗaya nake so ya tako, ko masinja ne, ya zauna a zaure gaban shaidu biyu, ya miƙo hannu ya ce ya karɓa.

Na daina jayayya a kan suna. In da lambar za su kira shi, su kira, zan amsa masa. Na haddace ta.